Haɗa Kwamfuta a Dakoro: Lissafin Yana Farawa Daga Wuta, Zafi da Ƙura

Garin Dakoro na ƙasar Nijar yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, a yankin da gonakin gero ke ƙarewa, makiyaya ta fara. An fi saninsa da kasuwar dabbobi da kwarin Tarka da rijiyoyi masu zurfi. Amma aikin takarda ya iske mutanensa kamar yadda ya iske kowa. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar BEPC ko BAC yana buƙatar hoto da kwafin takardar haihuwa. Ƙungiyar makiyaya tana buƙatar rahoton da za ta aika Yamai. Mai biki yana son a haɗa masa bidiyo, ɗan kasuwa yana son lissafin kayansa ya zauna wuri guda. Wayar hannu ta ɗauke wani kaso na wannan aiki, sai dai akwai wanda ba ya yiwuwa sai an zauna gaban kwamfutar tebur, wadda za ta wuni tana aiki ba ta gaji ba.

Irin wannan kwamfuta ba dole ba ne a saye ta a haɗe. Tun da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta 1981, wasu kamfanoni suka yi ta ƙera kayan da suka dace da ita, sannan a 1995 Intel ya fito da tsarin ATX, wanda ya daidaita girman uwar allo da wuraren ɗaure ta da igiyoyin wutarta. Albarkacin wannan ne mutum zai iya sayen furosesa daga wani kamfani, RAM daga wani, gidan kwamfuta daga wani, ya ɗaure su da sukundireba guda su yi aiki tare. Amfanin a bayyane yake: kuɗinka yana tafiya inda aikinka ke buƙata, kuma idan abu guda ya lalace shi kaɗai za a canja.

Matsalar ita ce yawancin shawarwarin da matasa ke kallo a YouTube an tsara su ne don ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, a garin da ake kawo wa mutum kayan gyara har ƙofar gida. Can ana farawa da furosesa da katin hoto, akwatin wuta ya zo ƙarshe da abin da ya rage a aljihu. A Dakoro dole a juya wannan jeri. Makiyayi ba ya ƙara saniya a garke sai ya san rijiyar da za ta sha da inda za ta yi kiwo a watan bazara. Haka mai haɗa kwamfuta a nan ya kamata ya fara sanin wutar da za ta ci, zafin da za ta jure, da nisan wurin da za a samo mata abin da ya lalace.

Tambayar farko

Mai haɗa kwamfuta na kirki, kafin ya ambaci sunan kowane kaya, tambaya ɗaya yake yi: "Alhaji, wane aiki za ta yi maka?" Amsar tana faɗawa ɗaya daga cikin rukuni uku. Akwai aikin ofis da shagon buga takardu: rubutu, lissafi, sikanin, fitar da takarda, shiga intanet. Akwai aikin hoto da zane: gyaran hoton fasfo, katin gayyata, allon talla, da haɗa bidiyon biki ko na wa'azi. Sai rukuni na uku mai nauyi: bidiyo mai girman 4K, zanen gine-gine mai fuska uku, taswira, da wasannin kwamfuta na zamani.

Mafi yawan buƙatar gari kamar Dakoro tana cikin rukuni na farko da na biyu. Wanda ya gane haka tun farko ya tsira daga babbar asara, domin kayan rukuni na uku ba a wurin saye kaɗai suke da tsada ba. Kullum aka kunna su sai sun ci wuta mai yawa, sun kuma fitar da zafi daidai da abin da suka ci.

Wuta kafin komai

Wutar kamfanin NIGELEC tana zuwa da bolt 220, kuma babban kason wutar yankin Maraɗi da Damagaram yana shigowa ne daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya ga abin da wannan dogaro ke nufi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ko a lokacin lafiya, watannin zafi suna zuwa da ɗaukewar wuta da raguwar ƙarfinta, damina kuma ta zo da tsawa. Saboda haka duk wanda zai ci abinci da kwamfuta yana da ranar da zai koma kan janareta ko sola.

Ga lissafi mai sauƙi. Kwamfutar ofis da ke jan wat 60, da sikirin mai jan wat 25, idan suka yi awa 8 suna aiki sun ci wat-awa 680. Wadda aka ɗora wa babban katin hoto, tana jan wat 350 da sikirin iri ɗaya, za ta ci wat-awa 3,000 a daidai wannan lokaci. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma idan na dalma ne rabin wannan kawai ya kamata a riƙa sha in ana son ya daɗe. Ke nan ta farko batir ɗaya ya kusa wuni da ita, ta biyu kuwa sai an tara biyar. Kuɗin batura da faranta sola na cikin kuɗin kwamfuta, ko da ba a rubuta su a rasit ɗaya ba.

Daga nan sai akwatin wuta, wanda masu gyara a Maraɗi ke kira alimentation. Shi ne ke karɓar wutar soket ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da sauran kayan ke sha. A nan ne mutane suka fi matse hannu, a nan ne kuma matse hannu ya fi cutarwa, domin akwati maras kyau idan zai mutu yakan tafi da uwar allo da ma'ajiyar bayanai. A nemi na kamfanin da aka sani, irin Seasonic, Corsair, Cooler Master ko FSP, mai ɗauke da tambarin 80 Plus, wanda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga kayan, ba ta zama zafi a banza ba. A duba a tabbata yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, domin irin wannan ya fi jure raguwar ƙarfin wuta. Tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Idan kayan daga Amurka suka fito kuma aka jona su yana kan 115, nan take za su ƙone. Ga kwamfutar da ba ta da katin hoto, akwati mai kyau na wat 400 zuwa 450 ya wadatar har da saura, kuma ya fi maras suna da aka rubuta wa 800 a jiki.

Tsakanin soket da kwamfuta kuma sai an sa na'urar UPS, wadda a Nijar aka fi sani da onduleur. Aikinta ta riƙe wuta na ƴan mintoci har a adana aiki a kashe cikin natsuwa. A zaɓi mai daidaita ƙarfin wuta da kanta, a kuma lura cewa lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce: mai VA 650 yawanci abin da take iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Kada a jona mata firinta mai leza, domin tana fizgar wuta mai yawa lokacin da take ɗumama. Wasu akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da UPS ko inbata mai arha, sai wadda ke ba da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, don haka a gwada su tare kafin a biya. Sannan a sa mai aikin lantarki ya kafa wa shagon waya ta ƙasa, domin in babu ita kariyar tsawa ba ta da inda za ta zubar da abin da ta tare.

Zafin bazara da ƙurar hunturu

A Afrilu da Mayu zafin Dakoro yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa kan ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa. Masu gwajin kaya a Turai suna yi ne a ɗaki mai digiri 22 ko kusa da haka, saboda haka furosesar da ta tsaya a digiri 75 a wurinsu tana iya haura 90 a nan. Idan ta kusanci 95 zuwa 100 sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Mutum ya biya kuɗin gudu, zafi ya karɓe. Kamfanonin da ke ƙera kwamfutocin ofis ma yawanci digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin ɗakin da aka yi su dominsa.

Maganin yana farawa daga zaɓen furosesa mai wat 65 ko ƙasa da haka. A ɗora mata ƙarfen sanyaya mai tsayi da babbar fanka, wanda ya fi ɗan ƙaramin da ke zuwa a kwalinta. Na'urar sanyaya ta ruwa tana da kyan gani, amma tana da famfo, kuma ranar da famfon ya tsaya ba a Dakoro za a samo wani ba. Ƙarfe da fanka kuwa ba su da abin lalacewa sai fankar, ita ma canja ta ba wuya.

Gidan kwamfuta ya zama mai raga a gaba. Mai gilashi a rufe, da fitilu masu launi, yana toshe iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma laushinta ya isa ta shiga kowace kafa. Ƙurar tana kwanciya tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta hana iska wucewa, idan damina ta kawo laima kuma ta daskare a kan allo. Dabarar ita ce fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, kamar biyu a gaba ɗaya a baya, kuma a sa matata a gaban masu shigowar. Ta haka iska za ta riƙa fita ta ƙananan kafofi, ƙura ba za ta samu hanyar shiga ta nan ba. A ɗora kwamfutar a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa. A wanke matatar a kai a kai lokacin hunturu, a buɗe gidan a hure shi da abin hura iska ana riƙe da fanka don kada ta yi ta juyawa, a kuma lulluɓe shi da ƙyalle bayan an kashe, ba lokacin da yake aiki ba.

Furosesa da uwar allo

Kuskuren da ya fi yawa a kasuwa shi ne sayen suna. Mai saye ya ji an ce i7 sai ya ɗauka ya samu ta gaba da kowa, alhali lambar da ke biye ita ce ke faɗin shekarun kayan. Core i7-2600 ta fito a 2011, Core i3-12100 kuma a 2022, kuma wannan i3 ɗin ta fi waccan i7 gudu nesa ba kusa ba. A wurin Intel, lambobin farko bayan ɗan layin su ne zuriya: 2600 zuriya ta 2, 8500 ta 8, 12400 ta 12. Harafin ƙarshe ma yana da magana. F na nufin babu sashen hoto a ciki, wato sai an sayi katin hoto dabam kafin sikirin ya nuna komai. T na nufin mai ƙarancin cin wuta, yawanci wat 35. K kuma mai ƙarfi ce da zafi, ba ta dace da ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki ba.

A ɓangaren AMD, Ryzen 5 5600G da ta fito a 2021 misali ce ta abin da ya dace da irin wannan wuri: tana da cibiya 6, wat 65, da sashen hoto a cikinta wanda ya isa aikin ofis, gyaran hoto da haɗa bidiyo matsakaici. A wurin Intel, Core i3-12100 da i5-12400 suna cikin wannan sahu.

Uwar allo, wadda ake ce wa carte mère a Maraɗi, madabod a Kano, ita ce komai ke hawa kanta, kuma kowace tana da mazaunin furosesa iri guda. Mazaunin AM4 na AMD ya fito tun 2016, kayansa sun cika kasuwa, sababbi da na hannu. AM5 ya biyo baya a 2022 kuma RAM irin DDR5 kaɗai yake karɓa. LGA1700 na Intel yana ɗaukar zuriya ta 12 zuwa ta 14, wasu allunansa na DDR4 ne, wasu na DDR5. Furosesar wani mazauni ba ta shiga wani, kuma ko mazaunin ya dace, tsohuwar uwar allo tana iya buƙatar a sabunta mata BIOS kafin ta gane sabuwar furosesa. Shi ya sa ya fi kyau a sayi biyun wuri ɗaya, a kunna su a gaban mai shago. Ga mutumin da ke nesa da manyan kasuwanni, tsarin da ya yaɗu ya fi wanda ya fito jiya amfani, domin shi ne za a iya samun kayansa a Maraɗi ba sai an aika Yamai ko Kano ba.

RAM, ma'ajiya da katin hoto

Gigabait 8 na RAM shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi aikin ofis da shi cikin walwala, 16 kuma ya fi dacewa da mai hoto da bidiyo. Sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin furosesa tana ɗiba ta hanya biyu lokaci guda, kuma wannan ya fi tasiri ga wadda sashen hotonta ke cikinta. DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya tashi ƙwarai a duniya saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa, don haka a sayi abin da aiki ke buƙata yanzu, a bar gurbi don ƙari nan gaba.

Manhaja da aikin yau da kullum su zauna a kan ma'ajiyar SSD. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD mai igiyar SATA yana kai 550, na NVMe kuma ya haura 3,000. Ban da gudu, SSD ba ya da abin da ke motsi a ciki, ya fi jure jijjigar hanya. Faifai mai juyawa yana da amfani wurin tara bidiyo da hotuna masu yawa. Kowanne aka zaɓa, a ajiye kwafin muhimmin aiki a wani faifan dabam wanda ba ya jone kullum, domin tsawa ɗaya tana iya shafe aikin shekaru na mutanen da suka ba ka amana.

Katin hoto shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a buƙatarsa. RTX 3060 yana jan wat 170, RTX 4060 wat 115, RTX 4090 kuwa 450. Wanda aikinsa ya tilasta masa ya dubi mai ƙarancin ci. A yi hattara da na hannu: bayan da tsarin Ethereum ya daina haƙar kuɗin intanet da katin hoto a Satumban 2022, katuna masu ɗimbin yawa da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwa.

A kasuwa

Mutumin Dakoro yana da hanyoyi uku: shagunan Maraɗi, Yamai mai nisan fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, ko Kano ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, inda titin Beirut da kasuwar Farm Centre suka yi suna. Kano tana da yawan kaya, amma sai an haɗa da canjin sefa zuwa naira, kuɗin mota, kuɗin duwan, da wahalar mayar da abin da bai yi ba. Garanti da ke bayan iyaka, wadda aka ga ta rufe watanni a 2023, ba kamar na shagon da za a je a dawo a yini ɗaya ba ne.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da ta dace da masu ƙaramin jari: a sayi kwamfutar ofis ta hannu, irin Dell OptiPlex, HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, a ƙara mata RAM da sabon SSD. Suna da ƙarko da ƙarancin cin wuta. Illarsu ita ce da yawansu akwatin wutarsu da uwar allonsu na kamfanin ne kaɗai, ba sa bin tsarin ATX, don haka in sun lalace sai an nemo irinsu sak. A kuma dubi zuriya. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 da furosesar Intel daga zuriya ta 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wadda ta gaza haka ba ta zama shara ba, Linux Mint ko Ubuntu za su tafiyar da ita kyauta, amma kada a biya mata kuɗin sabuwa.

Kafin kuɗi su bar hannu, a gwada. Manhajar CPU-Z tana faɗin ainihin furosesa da RAM da ke ciki, ko me aka liƙa a jikin gida. CrystalDiskInfo tana nuna awannin da faifai ya yi yana aiki da lafiyarsa. MemTest86 tana bankaɗo RAM mai matsala, H2testw kuma tana tona asirin ma'ajiyar da aka yi wa ƙaryar girma. A haska mazaunin furosesa da tocila a ga ko akwai lanƙwasasshen tsinke. A nemi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya. Wanda zai yi rubutun Faransanci ya tuna cewa allon rubutu na AZERTY ne a Nijar, na Kano kuwa QWERTY ne, soket ɗin Najeriya ma mai baki uku ne masu faɗi, na Nijar mai zagaye. Wajen dawowa, a ɗauko kayan cikin kwalayensu a haɗa su a gida, domin katin hoto ko babban ƙarfen sanyaya da aka ɗaure yana iya tsaga allo a jijjigar mota.

Hannun da zai riƙe ta

Duk wannan zaɓe ba zai yi nisa ba idan babu wanda zai buɗe gidan ya gyara. Yawancin abin da ke kwantar da kwamfuta a irin wannan yanayi ƙanana ne: fankar da ƙura ta cinye, man sanyaya da ya bushe a kan furosesa, batirin CR2032 na uwar allo da ya ƙare, RAM da ya motsa daga gurbinsa, batirin UPS da zafi ya kashe kafin lokacinsa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya cancanci a ɗora kwamfuta a mota zuwa Maraɗi, a rufe shago kwana biyu. Mai hikima yakan sayo fanka guda, bututun man sanyaya da ƙaramin batir tun ranar farko ya ajiye a aljihun tebur.

Matasan Dakoro da ke gyaran waya sun riga sun saba da abin da ya fi wannan ƙanƙanta da wuya. Ɗaliban garin da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi suna dawowa hutu da ilimin da za a iya juya shi ya zama sana'a. Ya kamata cibiyoyin koyon sana'a da ma'aikatar magajin gari da ƙungiyoyin da ke kawo kwamfutoci makarantu su sa horar da masu haɗawa da gyarawa, maza da mata, cikin kasafin kowane aiki, tare da kuɗin UPS da batir. Wanda ya haɗa kwamfuta da hannunsa ya san kowace igiya da inda ta nufa, kuma garin da yake da irinsa goma ba zai riƙa tara matattun na'urori a kusurwar ofis yana jiran wani ya zo daga nesa ba.